Gambar Gwaggo Tabawa

Dalilin da ya sa kuke ganin gamba tsakanin gona da gona, ku matso ku ji, yara.

A da can gonaki ba su da iyaka. Inda ƙarfin mutum ya ƙare, nan gonarsa ta tsaya. A wani ƙauye an yi wata tsohuwa, Gwaggo Tabawa. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi nisa, amma ba ta yarda kowa ya ciyar da ita ba. Maƙwabcin gonarta wani magidanci ne, Mantau, wanda ta goya yana jariri.

Wata damina ta lura gonarta sai faɗi take ƙarawa, alhali ƙarfinta raguwa yake. Ashe Mantau ne ke sakar mata kunya biyu daga gonarsa yau, uku gobe, ya ce ai nata ne. Da kaka ta yi, ta dubi tulin dammunan gero, ta ce wannan ya fi ƙarfin fartanyarta. Ta sa aka kai rabi ƙofar gidansa, shi kuma ya mayar. Aka yi mako guda ana kai da kawowa, gero na zube a fili, tsuntsaye da gara suna ci, ga bazara na jiran gidajen biyu.

Sai ta kira shi, ta zaunar da shi a tabarma.

"Ɗan nan, raina ni ka yi?"

"Wane ni, Gwaggo? Bayanki fa na hau."

"To ka ji. Ni ma ina so in ɗebi abu in ba 'ya'yanka. In ban san nawa ba, da me zan yi kyauta?"

Mantau ya sunkuyar da kai, bai ƙara musu ba. Ta ware dami shida, iyakar guminta, ta bar masa sauran. Cikin murna ta aika wa matarsa da ɗaya daga nata.

Da ruwan shuka ya sauka, ta nuna da sandarta inda fartanyarta ta tsaya. Mantau ya ce a jera duwatsu. Ta ƙi, don dutse ana iya gusar da shi, ta kuwa san halinsa. Ta sa ya tumɓuko gamba daga fadama, ya dasa a kan idonta. Maƙwabta suka gani, suka kwaikwaya.

Shi ya sa har yau ake dasa gamba a iyakar gona. Kowa ya san nasa, in kuma ya so, ya miƙa wa maƙwabcinsa ta kanta.