Kurege da Burtu Mai Gwiwa

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta.

To ku ji ta da kunne. Wanda ya katse ni, shi zai ƙarasa.

Wani kurmi ne can kudu, mai duhu ko da rana tsaka. Na tsuntsaye ne tun kaka da kakanni. Ba a shiga da gatari, ba a ɗana tarko, ba a taɓa ƙwai. Dokarsu guda ce: tsuntsu ya shiga, wanda ba tsuntsu ba ya tsaya waje. Shugabarsu wata tsohuwa ce, Inna Aku, idonta ya fara dushewa.

Kurege kuwa yana bakin kurmin, yunwa na cin sa. Yana hango ɗinya da kanya suna zuba suna ruɓewa. Ya ce, "Kai, wannan zalunci da yawa yake! Su ci su zubar, ni ina haɗiyar yawu?"

Sai ya tsinci gashin da tsuntsaye suka kaɗe, ya samo ƙaro, ya manna. Na zabo a baya, na hankaka a ƙirji, na aku a wutsiya. Ya je ya durƙusa gaban tsohuwa.

"Barka da hutawa, Inna."

"Kai kuma wane irin tsuntsu ne?"

"Ɗan'uwanku ne daga arewa."

"Tashi sama mu gani."

"Targaɗe na yi a hanya, Inna."

"Tsuntsu da haƙora?"

"Tsabar garinmu tauri gare ta."

Inna Aku ta ce, "Allah sarki. Tunda ba ka tashi, zauna a ƙofa ka yi mana gadi."

Kurege ya ci, ya ci, ya ci, har wuya ya ɓace.

Ran nan sai ga Burtu. Kun san burtu, ƙaton baƙin tsuntsun nan mai yawo a ƙasa yana gyaɗa kai. Kun kuma san maharba, yadda suke ɗaura kan burtu a goshi, su yafa baƙin zane, su yi rarrafe, namun daji su zaci tsuntsu ne. To wannan burtun gwiwa gare shi irin ta mutane, ga kaushi a dunduniya, ga warin taba.

Kurege ya gane shi. Shi ma ya gane Kurege.

Burtu ya ce, "Sannu, tsuntsu."

Kurege ya ce, "Yauwa, sannu tsuntsu. Wannan dogon abu a bayanka fa?"

"Wutsiya ce."

"Wutsiya mai warin albarushi?"

"Taka ma ai ba a binciko ta ba."

Burtu ya zaro ƙullin gyaɗa, soyayya, mai gishiri, ya miƙa masa. Kurege ya kauce masa a hanya.

Da safe Inna Aku ta ce, "Mai gadi, jiya na ji ƙara, kuma ba a ga zabi uku ba. Wa ya shiga?"

"Tsuntsu ne, Inna."

Burtu ya dawo, gyaɗa ta dawo. Aka kwashe ƙwai. Aka tafi da kawunan ungulaye wurin masu magani. Aka ɗebe jikokin Inna Aku su bakwai daga kogon itace, ko gashi ba su gama yi ba.

Tsohuwa ta sake zuwa ƙofa. "Mai gadi, don Allah wa ya shiga?"

"Tsuntsu ne, Inna."

Da ya ga abin ya karɓu, Burtu ya zo da wani mai zarton inji.

"Wannan fa?"

"Ƙanena ne, tsuntsun nan mai sassaƙar itace."

"Mai shan fetur?"

"Gyaɗa buhu guda na kawo maka yau."

"A'a, ashe ɗan gida ne! Bismillah."

Maɗaci ya faɗi, kanya ta faɗi, ɗinya ta faɗi. Masu gawayi suka biyo baya, su ko gashi ba su manna ba. Tsuntsun da ke da ƙarfin tashi ya tashi, bai waiwayo ba.

Da kurmi ya ƙare, Burtu ya kwance kan burtun ya rataya a kafaɗa, ya miƙe tsaye, ya cafke Kurege ya jefa a keji. Wa zai tarar a ciki? Inna Aku, a takure.

Kurege ya fasa ihu, "Ranka ya daɗe, ni ba tsuntsu ba ne! Wallahi Kurege ne!"

Maharbi ya ce, "Na sani. Tsuntsu kasuwa zai tafi, kurege kuwa tukunya. Zaɓi ɗaya."

"Tsuntsu ne ni! Tun kakana!"

Suna tafiya babu inuwa ko ta ganye ɗaya, rana ta narka ƙaro, gashi ya fara zamewa. Kurege ya ce, "Maigida, hajarka na lalacewa. Wa zai sayi tsuntsu mai sanƙo? Fito da ni ka gyara mini."

Maharbi ya buɗe keji, ya damƙo shi ta gashin baya. Kurege ya yi wuf, ya bar masa gashin zabo a hannu, ya faɗa wani rami.

Inna Aku ta ƙwala masa kira, "Ɗan nan, ni fa?"

Kurege ya ƙara nutsewa cikin rami. Keji ya rufe, aka wuce da ita kasuwa.

Da yunwa ta koro shi, ya leƙo. Ba ɗinya, ba kanya, sai kututture da toka. Buhun gyaɗar ma masu gawayi sun yi gaba da shi. Ya miƙe kan ƙafafun baya ya duba gabas, ya duba yamma, ko zai hango itace guda. Har yau in kun ga kurege a bakin hanya ya miƙe tsaye yana raba ido, abin da yake nema ke nan.

Ƙurunƙus kan kurege mai sanƙo! Duk wanda zai sayar da gidan da yake ci, to ya cinye gyaɗar a take, kada ya ajiye. Ku tashi ku ba ni wuri, kun sa na tuna abin da ke ɓata mini rai.