Ya tura shi Sifaniya cikin Agusta

Akwai wani mai sayar da tayil a Fadaman Mada da ke Bauchi, sunansa Ashiru. Tun da na buɗe shafin nan, ban taɓa kawo muku labarin da ya ɓata min rai kamar nasa ba.

Shi da wani Musaddiq tare suka koyi sana'a a shagon Alhaji Abdulsalam, dattijon da suke kira Baba. Musaddiq ne babba, shi aka fara yayewa. Allah ya buɗa masa, ya gina gida a Gwallameji, ya zama shi kaɗai a layinsu ke zuwa Sifaniya ya sayo tayil daga masana'anta. Sauran duk a hannunsa suke sara.

Ashiru ma ya daɗe da wannan burin. Ya yi ta fafutuka har wani ƙaramin kamfani a Kasteyon, yankin da masana'antun tayil suka fi yawa, ya gayyace shi. Biza ta fito a makare, ta shiga sau ɗaya ce tak, amma zai iya tafiya a Agusta ko a Satumba.

Bai taɓa hawa jirgi ba, sai ya je har gida ya samu Musaddiq.

"Yaya, kai ka san ƙasar nan. Yaushe ya fi in tafi?"

"Agusta mana," in ji Musaddiq. "Lokacin babu cunkoson masu saye, za su saurare ka da kyau."

"To na tura musu saƙo, shiru."

"Haka suke. Ba sa amsawa sai sun ga fuskarka. Kuma ka cika jaka da kilishi, abincinsu duk naman alade ne."

"Ba wani abin da zan tanada?"

"Ba komai. Kamar ka je Abuja ne."

Ashiru ya yi ta godiya, har da addu'a.

Tun a filin jirgin Madrid aka fara. Jami'ai suka buɗe jakarsa suka ga kilishi. Ashe ba a yarda matafiyi ya shigo da nama ko kayan madara daga ƙasashe irin tamu ba. Suka kwashe kilishin da matarsa Sauda ta sa aka yi masa na musamman, suka tsare shi da tambayoyi har jirgin ƙasan da zai hau ya tafi.

Da ƙyar ya isa masauki. Ya ciro caja, ta ƙi shiga bango. Soket ɗinsu mai ramuka biyu ne zagayayyu, tasa kuwa mai ƙafa uku ce. Ya fita neman adafta, ranar Lahadi ce, shagunan unguwar duk a kulle. Waya ta mutu, Sauda na can Bauchi tana ta kira ba ta shiga.

Washegari ya ɗauki tasi zuwa masana'antar. Direban ya sauke shi ya juya. Ƙofa a garƙame, babu mota ko ɗaya a harabar. Ya taka zuwa ta gaba, ita ma haka. Sai a wata can ya samu maigadi, wanda ya buga magana a wayarsa ta fassara masa: hutun bazara ake, yawancin masana'antu suna rufewa cikin Agusta, sai Satumba.

Tunda ya riga ya shigo, kwanakin zaman da bizar ta ba shi ba za su kai Satumba ba.

Ya kama hanya a ƙafa yana neman abin hawa. Rana ta take, zafi kamar na watan Afrilu a Bauchi, ba ruwa a hannunsa. Ɗan shagon da ya hango ma a rufe, don a can da yawa sukan kulle bayan azahar, sai yamma su buɗe. Jiri ya ɗebe shi ya faɗi a gefen titi.

Wata mata da ke wucewa a mota ce ta tsaya ta kira 112, lambar agajin gaggawa. A asibiti ya farka ana masa ƙarin ruwa. Inshorar tafiya da aka tilasta masa yi kafin a ba shi biza, wadda ya yi ta mita a kanta, ita ta fitar da shi.

Haka ya dawo Bauchi, ko tayil ɗaya bai gani ba.

Ashiru ya so ya bar maganar. Sauda ce ta ƙi.

"Abban Yasmin, ka tuna min. Yaya Musaddiq ya taɓa tafiya cikin Agusta?"

Kafin ya buɗe baki, ta amsa da kanta.

"Bai taɓa ba! Ya sani sarai. Ina nan ina kiran wayarka kamar mahaukaciya, kai kana can kwance a titin da ba wanda ya san sunanka. Da ka mutu fa? Shi ne zai fara zuwa gaisuwa da babbar riga!"

Ta ɗauki mayafi ta hau keke, sai shagon Baba.

Dattijon ya sa aka kira Ashiru da Musaddiq. Maƙwabtan shago suka taru a bakin ƙofa.

"Musaddiq, ka san ana rufe masana'antu cikin Agusta?"

"Baba, ai kowace shekara da yadda..."

"Ka sani ko ba ka sani ba?"

Musaddiq ya ɗaga kai. "Na sani. Ni wa ya koya min? Nawa kilishin ma an ƙwace a zuwan farko. Na sha wahalata, shi ma ya sha tasa. Don me zan miƙa masa hanyar abincina a faranti?"

Baba ya miƙe tsaye.

"Wa ya koya maka? Ranar da zan fara aikenka Legas, wa ya zaunar da kai a kan bencin nan ya gaya maka motar da za ka hau, da inda za ka sauka, da wanda za ka guje wa? Na ɓoye maka wani abu don kada ka fi ni? Da ka ce masa ba za ka faɗa ba, da rowa kawai ka yi. Amma ka dubi idon ƙanenka ka yi masa ƙarya, ya yi maka addu'a, ka amsa da amin! Fita min daga shago."

Kafin la'asar labari ya zagaye layin. Masu shaguna suka fara tambayar juna: wanda ya yi wa Ashiru haka, mu me yake gaya mana a kan kayan da muke sara a hannunsa? Ɗaya bayan ɗaya suka janye.

Da Satumba ta kama, kamfanin ya amsa saƙon Ashiru, suka sake gayyatarsa. Ya sake neman biza, 'yan layi suka haɗa odarsu suka ba shi. Wannan karon sai da ya tabbatar da ranar ganawa kafin ya sayi tikiti. Ya tafi da adafta da gorar ruwa, ya koyi yadda zai tambaya ko akwai alade a abinci, ya gano kifi da shinkafa sun wadata. Ya dawo da kwantena.

Duk wanda ya zo da tambaya, Ashiru zaunar da shi yake ya faɗa masa komai, har da yadda ake rataya jaka ta gaba a tashar jirgi saboda 'yan sane.

Wata safiya Musaddiq ya shigo shagonsa. Ya rame, tayil ya yi masa kwantai a sito. Sauda na ciki ta kawo abinci, ko gaisuwarsa ba ta amsa ba.

"Ashiru, na cuce ka. Ka yafe min."

Ashiru ya dube shi.

"Na yafe maka, Yaya, saboda Allah. In ka zo gidana zan ba ka ruwa, in ka yi rashin lafiya zan zo dubiya. Amma daga yau, ko hanyar kasuwar Wunti ba zan sake tambayarka ba."

Mai saye ya shigo, Ashiru ya juya wajensa.

Darasi: Idan ɗan'uwanka zai je ƙasar da ka sani ya tambaye ka, amana ya ɗora maka. Ka faɗa masa gaskiya ko ka ce ba za ka faɗa ba, amma kada ka ɓatar da shi, domin ransa kake wasa da shi, kuma arzikinsa ba ya rage naka. Kai ma matafiyi, kada ka dogara da bakin mutum ɗaya, ka bincika lokacin hutunsu, abin da aka hana shiga da shi, da lambar agajinsu. Ku tura wa duk wanda ke shirin tafiya, da duk wanda ke ɓoye abin da ya sani.