Dalilin da Ya Sa Kifi ke Bin Fitila

Ku matso, yara, ku ji dalilin da ya sa kifi ke rububin zuwa gaida fitilar masunta, alhali a ƙarƙashinta komar kama shi take.

A da, a wani ƙauyen masunta, haramun ne a hau ruwa da wuta. Dattawa sun ce kifi na gudun haske, saboda haka a baƙin duhu ake su, kowa na lalube. To, akwai wani Shekarau, gwanin jefa koma, ƙato kamar kuka. Aibinsa ɗaya: tsoron duhu. Da magariba ta yi sai cikinsa ya ɗauki ciwo, ba ya warkewa sai hantsi.

Da abin ya ishi Sarkin Ruwa, ya kira shi ya ce jirgin da ke hannunsa na gari ne. In bai fita yau ya kawo kifi ba, gobe a ba wani.

Ya koma gida jiki a sanyaye. Matarsa Tsahara, mai suyar kifi, ba ta yi masa dariya ba, ko da yake ta so. Ta cika fitilarta aci-balbal da man gyaɗa, ta kunna, ta sa a cikin tukunya.

"Maigida, ka rufe bakin tukunyar rabi-rabi. In zuciya ta tsinke, ka leƙa."

Tsakiyar kogi, wani kwaɗo ya yi tari. Shekarau bai leƙa ba, ɗungurungum ya zaro fitilar ya ɗaga sama, yana salati.

A ƙasa kuwa, kifaye ba su taɓa ganin haske kusa haka ba. Giwan ruwa, babbansu, wanda bai taɓa cewa bai sani ba, ya sanar cewa wata ne ya sauko ziyara, a je a yi masa barka da zuwa. Karfasa ta taso, tarwaɗa ta gyara gashin baki, kurungu ya biyo su yana gunaguni. Shekarau ya duba ya ga ruwa na tafasa da kifi. Hannu dai bai manta aikinsa ba. Jifa uku, jirgi ya cika har yana neman nutsewa.

Da safe Sarkin Ruwa ya dubi tulin kifin, ya dubi tukunya mai baƙin hayaƙi.

"Kai Shekarau, wuta ka hau ruwa da ita?"

"Ranka ya daɗe, dabara ce. Na daɗe ina nazarinta."

Tsahara ta sunkuyar da kai tana gyara ɗankwali. Jirgi dai ya zauna a hannun mijinta, kuma kafin sati man gyaɗa ya yi tsada a garin.

Kifayen da suka rage suka jira 'yan'uwansu, shiru. Giwan ruwa ya ce ai daɗin masauki ne ya hana su dawowa.

Shi ya sa har yau, ko tocila ka haska a kan ruwa, sai ka ga kifi na turereniya, kowa na tsoron kada a cika gidan wata ba da shi ba.