Ashanar da Noeline Ta Sa a Aljihu

Akwai wata mata a nan Tasmania mai suna Noeline. Tana da miji, Col, da 'ya ɗaya, Tegan, wadda ta haifa mata jika. Ba ta rasa ci ba, ba ta rasa sha ba. Abu ɗaya ne yake cin ranta, ƙanwarta Glenys.

Glenys irin mutanen nan ce masu farin jini. In ta shigo wuri sai kowa ya juyo. Mijinta Darryl yana da babbar mota, gidansu yana kallon teku. Noeline kuwa ita ce mai wanke kwanuka in an gama biki.

Mahaifinsu, Baba Bert, malamin daji ne a zamaninsa. A wani gidan katako can kan dutse cikin gandun daji na gwamnati ya raini 'ya'yan nan biyu. Yanzu gidan ya zama kayan tarihi, ana ba da hayarsa mako-mako, kuma saboda yawan masu nema sai an yi ƙuri'a.

Baba ya haura tamanin. Kullum maganarsa ɗaya: "Kafin in mutu, in sake kwana a gidan nan ko sau ɗaya."

Shekara da shekaru Noeline tana shiga ƙuri'ar makon haihuwarsa, ba ta taɓa dacewa ba. Glenys ta gwada sau ɗaya tak, ta ci.

"Yaya, kin ga hannun sa'a ko?" in ji Glenys a waya tana dariya. "Ki zo in shafa miki."

"Riƙe abinki," in ji Noeline.

Duk wanda ya zo gaishe da Baba sai ya ce, "Glenys ta samo mini gidana." Noeline tana gefe tana yanka masa biredi, wuƙar har tana cin faranti.

Sai wasu suka fasa, aka ba Noeline makon da ke kafin na Glenys. Ta ruga wurin Baba.

"Baba, taho mu tafi tare da ni. Ai gidan ɗaya ne."

"A'a, 'yar nan. Na riga na yi wa ƙanwarki alkawari. Ki je ki ɗumama mana shi."

Ki ɗumama mana shi. Da wannan magana ta hau dutsen, da ita ta kwana duk makon.

Kun dai san ƙa'idar gidajen daji. Ba ka fita sai ka cika akwatin itace, ka jera ƙirare a murhu, ka bar ashana a kwalba. Ba ka san wanda zai shigo bayanka ba, ba ka san halin da zai shigo a ciki ba. Baba ya koya musu wannan tun kafin su iya ɗaura igiyar takalmi.

Watan Yuli ne, tsakiyar sanyi a nan ƙasar. Noeline ta yi ta zuba wa murhu itace dare da rana, har Col ya tuɓe rigar sanyi.

"Gasa mu za ki yi ne, uwargida?"

"In ka gasu ka fita waje."

Ran tafiya, Col ya ɗauki gatari zai nufi kututturen itacen turare da ke bayan gida.

"Ajiye," in ji ta.

"Akwatin fa wayam yake."

"Darryl ba shi da hannu ne? Yana da zarton inji sabo fil, bai taɓa yanka ko kara da shi ba. Su sarauniya su yi gumi sau ɗaya a rayuwarsu."

"Da Baba fa za su zo, Noel."

"Ya zauna a mota da na'urar ɗumi, ya kalli 'yar lelensa tana hura ɗanyen ice. Ya gani da idonsa ko ashana ta iya ƙyastawa."

Ta bar ƙofar rumfar itace a buɗe, ga hadari ya haɗo. Da za ta ja ƙofar gida, ta hango kwalbar a kan kantar gidan. Ta koma, ta juye ashanar a aljihun rigarta. Col ya girgiza kai kawai. Suka sauka da sassafe don kada su yi kiciɓis da kowa.

Ruwa ya tsuge tun kafin su isa gari. Da rana tana gida tana jiƙa shayi, sai ga wayar Glenys, iska tana kaɗa muryarta.

"Yaya, muna bakin rafi, ya cika, Darryl ya ce ba za mu iya ƙetarewa ba. Motar Tegan ce nake hangowa a wancan hayin. Da alama ruwa ya shiga injin, sun ƙarasa da ƙafa."

"Wace Tegan?"

"Taki mana! Mun makara, Baba ya ƙosa, shi ne ta ce ta yi gaba da shi da jaririn. So ta yi ta same ki a can ta ba ki mamaki. Amma hankalina kwance. Baba cewa ya yi, 'Noeline ce ta fita, murhu a jere yake. Wutarta ashana ɗaya take ci, duk dajin nan ba wanda ya kai ta.'"

Kofin ya suɓuce daga hannun Noeline.

Ni uwa ce, na san abin da wannan yake nufi. Tsoho, jariri, jiƙaƙƙun kaya, ga ƙanƙara ta fara sauka a kan dutse, ga waya ba ta kamawa a can.

Suka tsaya gidan mai, Col ya sayi buhun busasshen itace. Suka kama hanyar dutsen.

A bakin rafi suka tarar da Glenys da Darryl. Ruwan ya yi ja, yana tafe da rassa. Noeline ta tuna tsohuwar gadar igiya da ke can sama, inda suke wasa suna yara. Ta saɓa buhun a baya ta kama hanya.

"Yaya, lafiya? Ai suna da wuta."

Noeline ba ta juyo ba. Glenys ta tsaya ta dube ta, sannan ta biyo ta cikin takalminta na gayu.

Babu hayaƙi a saman gidan. Abin da suka fara gani ke nan.

Tegan tana kan gado ta cusa jaririn cikin rigarta, an lulluɓe su da duk bargunan gidan, har da babbar rigar Baba. Baba yana durƙushe gaban murhu da riga shara-shara. Ya fasa jiƙaƙƙen ice ya fere tsakiyarsa, ya jera tsaf, babu abin kunnawa. Leɓunansa sun yi shuɗi.

"Mama!" in ji Tegan, ta fashe da kuka.

Noeline ta zube, ta kwance buhun, ta sa hannu a aljihu. Ashana ɗaya ta ƙyasta, wuta ta kama.

Baba ya miƙa hannuwansa wajen wutar. "Kun gani ko? Ɗaya." Ya yi tari mai tsawo. "'Yan iska ne suka shigo bayan kin fita, Noeline. Sun ƙone miki ice, sun kwashe ashana. Na gaya wa Tegan, ba uwarki ba. Ko sama da ƙasa za su haɗu, ba uwarki ba."

Noeline ta miƙe.

Ta fita waje wai za ta rufe rumfa. Glenys ta biyo ta, ta jingina da bango.

"Ashanar kwalba ce, Yaya. Mai jan kai. Na gani."

Noeline ta sunkuyar da kai.

"Kin san me ya sa na shiga ƙuri'ar? Tun muna yara Baba yake cewa, 'Noeline ta iya, bar wa Noeline, kira Noeline.' Ni dariya kawai nake ba shi. So na yi in yi masa abu ɗaya da ke ba ki riga ni ba. Ɗaya tak."

"Za ki gaya masa?"

"In kashe shi? Shiga ki dafa masa shayi. Ni ko tukunyar ban san inda take ba."

Kafin magariba masu ceto da aka kira daga bakin rafi suka iso, suka sauko da su ta gadar igiya, Baba a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Jaririn lafiya lau. Baba kuwa sanyi ya kama masa haƙarƙari, makon haihuwarsa a gadon asibiti ya yi shi. Likita ya ce shi da hawan dutse sun yi ban kwana.

Bai kwana a gidan ba. Yana nan da ransa, kuma har yau duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ba shi labarin 'yan iskan da suka lalata wa Noeline murhu. Ita kuwa tana gefe tana yanka masa biredi.

Darasi: In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere, don ba ka san ƙafar wa za ta faɗa ba, wataƙila ta ɗan cikinka. Wanda kake jin haushin rabonsa, wataƙila shi ma naka yake kallo. 'Yan uwa mata, ina roƙonku, ku tura wannan ga yayyenku da ƙannenku tun iyaye suna raye.