Yayen Bilya

Akwai wata tsohuwa a Tafoki ta ƙasar Faskari, kowa Dada yake ce mata. Ba ta da wani abin duniya sai 'yan shanun da mijinta ya bari, da ɗa guda ɗaya tilo, Harisu. Amma kindirmonta ya yi suna. Takan dafa madara ta bari ta huce, ta ɗiga mata ɗan nonon jiya, ta rufe da faifai. Kafin gari ya waye ya kama, ya yi kauri har ludayi na tsayawa a ciki.

A shekarun da kuɗin man fetur suka fara ambaliya, Harisu ya samu kwangilar kai yashi da bulo wurin ginin makarantun firamare. Kafin ka ce kwabo ya koma Kankara, ya yi gidan kwano, ya sayi Fijo, ya je Makka ya dawo da haƙorin zinare. Ba mugun mutum ba ne, Allah ya sani. Kuɗi ne suka zo masa a guje, hankali bai gama isowa ba. Duk abin da bai zo cikin gwangwani ko kwali ba, a wurinsa ƙauyanci ne.

Matarsa Zulaihatu ta haifa masa ɗa namiji, aka sa masa Bilya. A al'adar wajen, idan za a cire yaro daga nono, gidan kaka ake kai shi, ya zauna can har ya manta da mama. Mahaifiyar Zulaihatu ta rasu tun tana ƙarama, don haka yayen Bilya na Dada ne, babu mai ja.

Tun yaron na rarrafe Dada take shiri. Ta sayi ɗan ƙoƙo da ƙaramin ludayi a kasuwar Yankara, ta ajiye sabon zane da majanyi a ƙasan adaka. Duk wadda ta shigo sayen nono sai ta ce mata, "Angona na nan tahe, ku shirya guɗa." Mata su yi ta dariya, ai haka kaka ke tsokanar jikanta.

Lokacin yaye ya yi, ya wuce, shiru. Daga baya ta ji a bakin fatake cewa ai tuni an yaye Bilya a Kankara. Wai Alhaji Harisu ya ce ɗansa ba zai je ƙauye ya sha nonon ƙwarya ba. Ya sayo madarar gwangwani kwali guda, da bulumboti, kwalbar nan mai kan roba da ake shayar da yara.

Maganar ta yi wa Dada zafi ƙwarai, amma ba ta gaya wa kowa ba. Ta mayar da ƙoƙon cikin adaka.

Da damina ta sauka sai labari ya zo cewa yaron ba lafiya, gudawa ta sa shi gaba. Dada ba ta jira aike ba. Ta cika ƙwarya da kindirmon safe, ta taka har Sheme, ta hau babbar motar da ke zuwa Kankara, ƙwaryar a kan cinyarta tana tare ta da hannu biyu saboda gargada.

Da ta ga Bilya sai gabanta ya faɗi. Idanu sun zurma, wuya ya yi siriri, kuka ma ba ya fita sosai. A gefen katifa ga bulumboti ƙudaje na binsa, ga kafso mai ja da rawaya da Harisu ke sayowa a kemis, ana ɓarewa ana jiƙa masa safe da yamma. Babu likitan da ya rubuta.

"Alhaji," in ji Dada, don tun da ya dawo Makka ita ma haka take kiransa, "ba ni yaron ga in tahi da shi. In kuwa ba ka so, to a kai shi asibiti, ni in zamna nan in riƙa ba shi kunu da ɗan nono."

Harisu ya yi murmushi har haƙorin ya fito. "Haba Dada, zamani hwa ya sake. Yaron da cikinshi ya lalace za a ƙara wa abu mai tsami? Maganin ga daga Ingila aka kawo shi. Kwana kaɗan za ki ga ya miƙe."

"Da shi na yaye ka," ta ce a hankali.

"Allah dai ya tsare ni, Dada."

Ya ɗauki ƙwaryar da kansa ya miƙa zaure, ya ce leburorinsa su shanye. Zulaihatu ta sunkuyar da kai tana share hawaye da gefen mayafi. Kashegari Harisu ya haɗa wa uwarsa atamfa da sukari da ganyen shayi, ya sa aka mayar da ita a Fijo. Ba ta yi masa baki ba kuwa, ko a zuci. Addu'a kawai take yi Allah ya sa shi ne mai gaskiya.

Ba shi ne mai gaskiya ba.

Wata rana da hantsi tana tankaɗe sai ta ji mota ta tsaya a ƙofar gida. Harisu ya shigo ba hula, rungume da yaron, Zulaihatu na biye. Ya durƙusa a gabanta a kan ƙasa, abin da ya daɗe bai yi ba.

"Dada, daga asibiti muke. Sun yi mashi ƙarin ruwa, gudawar ta lafa, amma ya ƙi cin komi. Likita ya yi mani faɗa kamar ya mare ni. Ya ce kwalbar ce ke ɗura mashi ƙazanta. Ya ce a cikin hanjin mutum akwai wasu ƙananan halittu masu amfani, kafson da na yi ta ba shi ya share su tare da na cutar. Ya ce yanzu ba sauran magani sai abinci, kunu da nono mai tsabta, da hannun mai haƙuri." Ya miƙo mata yaron. "Na kawo maki yaye, Dada."

Ba ta ce masa ai na gaya maka ba. Ta karɓi yaron, ta ji shi sakayau kamar ba a ɗauki komai ba. "Sannu ango," ta ce, "sai yau ka tuna da ni?"

Ta dama kunu mai ruwa-ruwa, ta sa ɗan kindirmo, ta zauna tana ɗiga masa a baki tana yi masa waƙa. Bilya ya haɗiye. Ta ƙara, ya sake haɗiyewa. Zulaihatu ta fashe da kukan murna. Rabonta da barcin kirki har ta manta, don haka tana jingina da bango sai barci ya kwashe ta a kan tabarma.

Dada ta goya jikanta, karo na farko a rayuwarta. Ta riƙa zagaya tsakar gida a hankali, tana ɗan bubbuga bayansa, tana jin numfashinsa a wuyanta.

Wajen la'asar ta daina jin numfashin.

Ta tsaya cak. Ta kai hannu ta taɓa ƙafarsa, ta gane. Ta yi salati a zuci, ta dubi Zulaihatu da ke barci baki buɗe, fuskarta a sake. Sai ta ci gaba da zagayen, hawaye na zuba, ba ta bari sautinsu ya fita ba. Ta san idan yarinyar nan ta farka, za ta daɗe ba ta sake samun barci irin wannan ba.

Harisu ya dawo daga masallaci ya tarar da ita haka. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, da fara'a. "Ya samu barci, Dada?"

Ta ɗora yatsa a leɓe, ta nuna masa matarsa. Ya dubi fuskar uwarsa, ya dubi ɗan hannun da ke reto a gefen zane. Ya zauna daɓas a ƙasa, ya cusa hannun riga a baki don kada kukansa ya tashe ta.

Dada ta matso ta dafa kansa da hannu ɗaya, ɗayan yana tallafe da goyon.

"Yi haƙuri, Harisu," ta ce. "Ka dai kawo mani shi. Bar ta ta ƙara barcin ko kaɗan ne."

Darasi: Rai na Allah ne, babu mai cewa ga abin da zai hana ajali. Amma an umarce mu da bin sababi, kuma girman kai kan rufe wa mutum ido har lokaci ya ƙure. Ƙwayoyin halittar nan masu taimakon hanji, waɗanda yau ake sayarwa a kwalba da sunan furobayotik, irinsu na nan a kindirmo mai tsabta da iyayenmu suka saba da shi. Kada ka raina abu don daga ƙwarya ya fito, kada ka ba yaro kafso ba da izinin likita ba, kuma idan gudawa ta kama shi a garzaya asibiti da wuri. Mai uwa a raye ya saurare ta tun kafin ya zo mata a durƙushe. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu goyo, wataƙila ya zama sanadin tsirar wani yaro.