Dokar Ayari da Dokar Yashi

An ruwaito a cikin tsofaffin littattafai, ni kuwa daga bakin marigayi mai gidana na ji, cewa can ƙarshen ƙasa akwai wani birni da ake kira Sarmadu, a kan dutse yake, tsakiyar teku. Tekun wurin ba irin wanda kuka sani ba ne. Sau biyu a yini da kwana yakan janye ya bar yashi fili, tafiyar hantsi guda daga gaɓa zuwa birni. In ya tashi dawowa kuwa doki ba ya tsere masa, kuma yakan hau tsayin mutum takwas, wani bisa wani. Ban ƙara ko taku ɗaya ba, yadda na saya haka nake sayar muku.

Ba a shiga birnin sai da jagora. Jagoran zamanin sunansa Namadi, dattijo ne mara yawan magana, da sanda yake taɓa yashi ya san inda zai ɗauki ƙafa da inda zai haɗiye ta. Dokarsa ɗaya ce: a kan yashi ba a tsayawa, ko don kaya, ko don dabba, ko don ɗan'uwa.

An ce wata rana wani madugu mai suna Kailani ya iso gaɓa daga cikin hamada da raƙuma arba'in. Da safe Namadi ya shige gaba, ayari ya bi. Sun ci rabin hanya sai amale, babban raƙumin Tanimu ƙanen madugu, ya nutse har gwiwa. Ayari duk ya tsaya, maza suka hau kwance kaya. Namadi ya yi kira, ya yi kira, ba wanda ya waiwaye shi. Sai ya zare wuƙa ya yanke akala, ya ja raƙuman gaba ya tafi, da madugu a kan na farkonsu yana tsine masa. Mutum tara suka tsaya wajen amale, har da Tanimu. Ko rawanin ɗayansu ba a tsinta ba.

Kashegari madugu ya faɗi gaban Sarki Hamdanu ya ce, "Allah ya ba ka nasara, jagoranka ya bar mini mutum tara ga ruwa. Jini nake nema."

Waziri Jatau ya matso ya ce, "Ranka ya daɗe, in labarin nan ya shiga hamada ba ayarin da zai ƙara zuwa. A ɗaure Namadi a turke kan yashi, ruwan da ya ba wa mutane shi ma ya sha."

Aka tambayi Namadi, ya ce, "Na yanke akala. Gobe ma in an tsaya zan yanke."

Sarki ya sa aka kafa turke a yashi da hantsi, aka ɗaure shi, fada ta zauna bisa ganuwa tana kallo. Amma zuciyar Sarki ba ta kwanta ba. Ya sa aka yi shela: "Wa ya kashe mutum taran nan? Wanda ya tsaya, ko wanda ya tafi? Wanda ya ba ni amsa kafin ruwa ya rufe turke, zan ba shi abin da ya roƙa."

Madugu ya fara, ya ce, "Allah ya ja zamaninka, bari in ba ka labari. Ina saurayi, raƙumin mahaifina ya karye a tsakiyar rairayi, kwana shida ba rijiya. Madugun lokacin ya tsayar da ayari, aka raba kayanmu buhu-buhu, kowa ya ɗauki kaɗan, aka ɗora mahaifina a kan raƙumin madugu, shi ya taka a ƙasa. A wata shekara kuma wani ayari ya bar mutum ɗaya a baya don sauri. Suka isa lafiya, amma ba wanda ya ƙara yarda ya bi wannan madugu, ya mutu yana tallar igiya. Mu a wurinmu in ɗaya ya faɗi kowa tsayawa yake. Da wannan muke rayuwa. Mutanena abin da iyayensu suka koya musu suka yi."

Sarki ya ce, "Ka wanke wanda ya tsaya. Saura wanda ya tafi."

A lokacin wani farin layi ya bayyana can nesa bakin sama. Mutanen birni sun san shi, ruwa ne ke dawowa.

Sai wata tsohuwa ta kutsa tsakanin dogarai, warin hayaƙin kifi na tashi daga zanenta. Sunanta Tabawa, gwauruwa ce, bandar kifi take yi a gaɓa. Ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, amsa na wurina, amma ba na ba da kaya kafin a yi ciniki. A kwance shi tukuna."

Waziri ya ce, "Ke tsohuwa, nan fada ce, ba kasuwar kifi ba."

Ta ce, "Ai na ga alama, Waziri. A kasuwar kifi ba a yanka kafin a taya."

Sarki ya ce, "Ba zan kwance shi a kan alkawari ba. Amma ga kwalekwale da mutum biyu a gindin ganuwa. In amsarki ta yi, su tafi."

Ta ce, "Mutum huɗu, ranka ya daɗe. Biyu ba za su iya da wannan ruwa ba."

Sarki ya ce a ba ta huɗu. Ruwa ya riga ya taɓa idon sawun Namadi.

Tabawa ta ce, "Mijina shi ne jagora kafin Namadi. Wata rana yana ƙetarar da masu ɗaukar gishiri, ɗanmu na fari yana cikinsu, ƙafarsa ta nutse. Uban ya dube shi sau ɗaya, ya juya ya kai mutum ashirin birni. Da ya dawo gida ban yi masa magana ba shekara guda. Wata rana ya kama hannuna ya zaunar da ni a kan tudun gaɓa tun ruwa na janye har ya dawo. Ni da aka haifa a nan, ban taɓa zama na kalle shi daga farko har ƙarshe ba. Da na ga yadda ya cinye tafiyar hantsi kafin a gama alwala, na tashi na dafa masa abinci. Tun daga ranar ya kafa al'ada: duk baƙon da zai ƙetare, sai ya yini a kan tudu ya ga cikar ruwa da idonsa. Ba a yi masa wa'azi, kallo kawai. Wanda ya gani, in an ce kada ya tsaya, ba ya tsayawa."

Ta juya ga madugu ta ce, "Madugu uban tafiya, kun yi zaman tudu?"

Ya ce, "Wane tudu? Da magariba muka sauka, ruwa na kwance kamar tabki. Da safe ɗan saƙon Waziri ya ce mu tashi, jiragen ruwa za su bar birni, ana son kayanmu a ciki."

Ta ce, "To ranka ya daɗe, wanda ya tsaya ya bi dokar ƙasarsu, wanda ya tafi ya bi dokar tamu. Wanda ya kashe su shi ne wanda ya hana su yini guda a kan tudu. A gabana Namadi ya roƙi a bar su su zauna, aka ce masa umurnin Waziri ne."

Waziri ya ce, "Don amfanin birni na yi, ranka ya daɗe. Jirage ba sa jira."

Sarki bai dube shi ba, ya ɗaga hannu, kwalekwale ya tafi. Madugu kuwa ya miƙe ya kama bakin ganuwa yana kallon ruwa na tahowa kamar bango, inda jiya raƙumansa suka taka. Sannan ya ce a hankali, "Da Tanimu ya ga wannan, da shi zai yanke akalar."

Ruwa ya kai wa Namadi haɓa kafin a yanke igiyar. Aka fito da shi da rai, amma sanyi ya shige ƙirjinsa, bai ƙara taka yashi ba, bai kuma kai damina ba.

Sarki ya ce wa Tabawa ta roƙa. Ta ce ba ta son zinariya, tudu take so, kuma kada a ƙetarar da kowa, ko ɗan sarki ne, sai da izininta. Aka ba ta. Waziri kuwa aka tuɓe masa rawani, aka yanke masa hukuncin ya riƙa bin bayan kowane ayari a ƙafa, shi ne na ƙarshe. Ya ƙetare sau biyu. A na uku jagora ya ƙirga mutane a ƙofar birni, babu shi.

Masu ruwaya sun ce darasin shi ne: kyakkyawar al'ada ma tana kisa in an kai ta ƙasar da ba tata ba, kuma alhakin yana kan wanda ya san ƙasar ya ƙi barin baƙo ya gani. Ni kuwa abin da na riƙe, duk wanda ya ce maka yi sauri babu lokacin dubawa, to duba shi tukuna. Allah ya tsare mu da gaggawar manya.