Ranar da Aka Farke Tambarin Bagudu

A zamanin da giwaye ke kiwo inda kasuwar Karaga Biyu take yanzu, wani maharbi mai suna Bagudu ya sauka a gindin dutse, shi da tsohuwarsa Kande. Bagudu na Kande, mai kibiya ɗaya, gagara ɓauna! An ce idan ya yi fito, namun dawa tsayawa suke cak. Shi ya sare kurmin, shi ya tono ruwa.

Daga baya wani mayaƙi, Jatau, ya zo da dawakai arba'in yana neman wurin zama. Bagudu ya karɓe shi hannu bibbiyu, har ya ba shi gabashin gari ya mulka, shi ya riƙe yamma. Aka yi karagu biyu, tambura biyu, kowane sarki da takensa. Mutanen kowa taken sarkinsu kaɗai suke amsawa, haka aka rantse a kan ƙarfe.

Shekara bakwai ana zaman lafiya, sai Jatau ya fara jin haushin a kaɗa wa Bagudu kafin shi. Kai, butulci bai yi ba! Mutumin da ya zo da ƙishirwa aka ba shi ruwa! Da Bagudu ya fita farautar rani da maharbansa, Jatau ya sa aka farke tambarin yamma da wuƙa. Ya ce, "Gari ɗaya, take ɗaya. Wanda ya ƙara yi wa mai warin fatan nan kirari, a bakin harshensa."

Labari ya iske Bagudu a dawa. Ransa ya ɓaci har ya kasa cin abinci, ya ce ba zai koma ba sai zuciyarsa ta huce, don kada ya zubar da jini a garin da ya kafa.

Kwana goma da haka, mahara suka faɗa wa gari da hantsi. Jatau ya ruɗe, ya sa aka yi ta dukan tambarinsa don maharba su kawo ɗauki. Bagudu ya ji sarai. Ya yi tsaki, ya ce, "Ku ji shi, shagali yake yi." Ba wanda ya motsa. Sai da hayaƙi ya turnuƙe sama da azahar suka gane, suka sheƙa da gudu.

Sun kori maharan da kibau masu dafi. Amma Bagudu ya tarar da Kande kwance a ƙofar ɗakinta, taɓarya a hannunta, rai ya yi halinsa. Jatau kuwa cikin rumbu aka zaƙulo shi, ƙaiƙayi har gemu.

Bagudu ya dube shi, ya ce, "Da nawa aka kaɗa, da na iske ta da rai."

Bai kashe shi ba. Tuɓe shi ya yi, ya kore shi a ƙasa, ko jaki bai ba shi ba.

Har yau a Karaga Biyu, makaɗa in sun gama taken Bagudu sai su ɗaga hannu, su yi shiru daidai tsawon taken Jatau. Karagarsa ta dutse tana nan a gabas, awaki ke kwanciya a kai.